Waiwaye: Inda Littafin Yara Ya Ɓace Mana

Muhawarar harshen da za a koyar da ɗan firamare ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A 2022 aka amince a Najeriya da koyarwa da harshen uwa har aji shida, a ƙarshen 2025 aka janye. Masu yabo da masu kushe sun haɗu a kan abu guda: littafin Hausa da za a miƙa wa yaro ya karanta don nishaɗi ya yi ƙaranci. Da yawa suna ɗora laifin a kan waya. Ni dai a ganina waya ta zo ne ta tarar da gurbin babu kowa.

Farkon labarin sananne ne. Gasar Hukumar Talifi ta 1933 a Zariya ta haifar da Ruwan Bagaja da 'yan uwansa, Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937. Aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi NORLA, hukumar wallafa littattafai ta Arewa, a shekarun 1950, kamfanin buga littattafai na NNPC ya zo a 1966. A duk tsawon wannan zamani makaranta ce babbar mai saye. Mawallafi, wato kamfanin buga littafi, ya san ɗaliban da ke jira tun bai taɓa inji ba, shi ya sa yake iya ɗaukar edita, ya ɗauki mai zane. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara cika azuzuwa.

Wurin da ba a cika tsayawa ba shi ne tsakiyar shekarun 1980. Farashin mai ya faɗi, aljihun makarantu ya bushe. Kafin Satumban 1986 dala ba ta kai naira 2 ba, kafin shekarar ta ƙare ta haura naira 3. Takarda mai kyau da tawada da kayan gyaran inji kuwa daga waje ake shigo da su. Manyan mawallafa suka koma ga abin da ba ya kwantai, wato littafin darasi da na jarrabawa.

A daidai lokacin ne adabin kasuwar Kano ya kunno kai, kuma ya cancanci jinjina, don shi ya riƙe karatun Hausa. Marubuciya ta haɗa kuɗinta, ta buga a takarda mai araha, baƙi da fari, ta kai wa 'yan kasuwa. Tsarin ya yi aiki ne saboda mai karatun ita ce mai sayen: budurwa ko matar aure ta ciro kuɗinta ta saya, ko ta karɓa haya. Yaro ɗan shekara shida ba shi da aljihu. Sai uba ya ga dama, uba kuwa jerin littattafan da makaranta ta rubuto ya sha masa kai.

Ga kuma tsadar aikin kansa. A wani taron ƙara wa juna sani kan rubuta littattafan yara da buga su da na halarta a nan Jos, sai da aka zo lissafi jikin kowa ya yi sanyi. Littafin hoto yawanci shafi 32 ne, kalmominsa ba su taka kara sun karya ba, zane ne ke ɗauke da rabin labarin. Bugun kala yana son farantin inji huɗu a maimakon ɗaya, da takardar da ba za ta shanye launi ba. Kuɗin shirya inji ɗaya ne ko kwafi nawa za ka buga, saboda haka mai buga kaɗan shi ke shan tsada. Marubucin da ke biya daga aljihunsa, wanda zai fara sallama shi ne mai zane. Haka sana'ar ta watse. Masu hannu suka koma allon shago da kalanda da bangon kaset, daga baya hotunan tallar fim. Ba su samu yaran da za su koya wa zanen labari ba, sarƙar ta tsinke.

A shekarun baya-bayan nan shirye-shiryen tallafi sun samar da littattafan Hausa masu zane, irin na Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, akwai kuma na kyauta a intanet. Sun yi amfani, amma rabawa ake yi a aji, ba su bi ta hannun ɗan kasuwa ba. Uwar da ta zaga shagunan Terminus da titin Ahmadu Bello a Jos tana nema wa ɗiyarta tatsuniya mai hoto, abin da za ta fi samu shi ne gwanjon littattafan Turanci, a garin da Hausa ke haɗa Berom da Afizere da Bahaushe a ciniki.