Lottie Dod

Charlotte Dod, wadda aka fi sani da Lottie, ƴar wasan tanis ce daga Ingila da ta lashe gasar Wimbledon ta mata sau biyar. An haife ta ranar 24 ga Satumba 1871 a garin Bebington da ke yankin Cheshire. Mahaifinta attajirin auduga ne, saboda haka ita da ƴan uwanta uku ba su taɓa fita neman na abinci ba, wasanni suka sa a gaba.

Tanis

Tana da shekara 15 ta ci Wimbledon a 1887, inda ta lallasa Blanche Bingley da ci 6-2, 6-0. Har yau ba a samu wadda ta ɗauki wannan kofin da ƙarancin shekaru irin nata ba. Ƙuruciyar ma ta yi mata rana. A lokacin, matan da suka girma dole su shiga fili da dogayen riguna masu jan ƙasa, ita kuwa yarinya ce, sai aka ƙyale ta da siket da ya tsaya a ƙwabri da farar hula, tana gudu son ranta. Bugun farko daga ƙasa take ɗago shi kamar yawancin matan zamanin, amma takan matso gaban raga ta tare ƙwallo tun kafin ta taɓa ƙasa, abin da mata ba su saba yi ba.

Ta sake cin kofin a 1888, 1891, 1892 da 1893, kuma duk Blanche ɗin nan ta kayar a wasan ƙarshe. A tsarin wancan zamani mai riƙe da kofi ba ta buga wasannin farko, jira take a fitar da gwana ta zo su kara. A 1889 ba ta ma je ba, an ce yawon jirgin ruwa ta tafi Sukotlan. Bayan 1893 ta bar gasar tanis tana ƴar shekara 21.

Sauran wasanni

Ta buga wa Ingila hoki a 1899 da 1900, ta ci gasar golf ta matan Birtaniya a Troon a 1904, sannan ta samu lambar azurfa a harbin kwari da baka a wasannin Olamfik na Landan a 1908. Yayanta William shi ya ɗauki zinare a ɓangaren maza.

Rasuwa

Ba ta yi aure ba. Ta rasu ranar 27 ga Yuni 1960 a Sway da ke Hampshire, an ce tana kwance tana sauraren wasan Wimbledon a rediyo.