Yadda Python ke nemo fayil idan an rubuta import

Duk wanda ya fara koyon yaren rubuta manhaja na Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a shekarar 1991, zai rubuta umarnin import tun a makon farko, domin da shi ake jawo lambobin shiri, wato umarnonin da aka rubuta, da ke wani fayil zuwa cikin shirin da ake rubutawa. Fayil guda mai ɗauke da irin waɗannan lambobi shi ake kira modul, folda mai tattare da modul da yawa kuma ita ce ƙunshi. Abin da masu koyo da dama ba su sani ba shi ne Python ba ya bincike duk kwamfuta. Yana bin wurare ƙayyadaddu ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya fara cin karo da shi mai wannan suna, shi yake ɗauka ya daina nema.

Matakin farko shi ne duba sys.modules, wato rajistar duk modul ɗin da aka riga aka loda tun da shirin ya fara aiki. Idan sunan yana ciki, magana ta ƙare, ba za a sake karanta fayil ɗin ba. Wannan ne dalilin da ya sa mutum kan gyara fayil, ya sake rubuta import a cikin zaman da bai rufe ba, amma ya ga babu abin da ya sauya. Idan sunan ba ya ciki, sai a miƙa shi ga masu nema da aka jera a sys.meta_path, waɗanda a ƙa'ida su uku ne: na farko yana duba modul ɗin da aka gina a jikin Python kansa, kamar sys, na biyu yana duba waɗanda aka cusa a cikinsa a shirye, na uku kuma shi ne mai bin foldodi.

Wannan na ukun shi ya fi shafar mai rubuta manhaja, kuma jagoransa shi ne jerin da ake kira sys.path. A kan gaba akwai foldar da fayil ɗin da aka kunna yake, sai foldodin da mutum ya ambata a PYTHONPATH, wato saitin kwamfuta na ƙara wuraren nema, idan ya ambata, sai taskar modul ɗin da ke zuwa tare da Python, sannan a ƙarshe site-packages, inda pip, manhajar sauke ƙunshi ta Python, ke sauke abin da aka ɗauko daga intanet. A kowace folda, ana fara duba ko akwai ƙaramar folda mai wannan suna da fayil ɗin __init__.py a ciki, in babu sai a duba fayil guda mai sunan.

A nan ne tsarin jerin yake haifar da matsalar da ta fi yawa. Ɗalibi yana gwajin fitar da alƙaluma barkatai, sai ya sa wa fayil ɗinsa suna random.py, ya rubuta import random a layin farko, ya kira random.randint, sai Python ya ce masa babu wani abu mai suna randint. Python bai yi kuskure ba, doka ya bi: foldar ɗalibin ce ta farko a jeri, saboda haka fayil ɗinsa ya sha gaban modul ɗin random na ainihi da ke zuwa tare da Python. Maganin shi ne a sauya wa fayil ɗin suna. A ganina, ya kamata kowane malami ya nuna wa ɗalibansa wannan tun kafin su faɗa ciki, domin abu ne da kan cinye wa mutum yini guda a banza. Masu kula da yaren ma sun lura da haka. A Python 3.11 na shekarar 2022 sun ƙara zaɓin -P, wanda ke hana sanya waccan folda ta farko a jeri, kuma a 3.13 na 2024 saƙon kuskuren ya fara ba da shawarar a sauya sunan fayil ɗin.

Dokar ƙunshi ta sauya sau biyu. A Python 2, modul da ke cikin ƙunshi yana iya jawo maƙwabcinsa da suna kawai, abin da ke jawo ruɗani, sai takardar PEP 328, ɗaya daga cikin takardun shawarar gyaran Python, ta tsara a daina, kuma daga Python 3.0 na 2008 dole ne a rubuta cikakken suna ko a sa ɗigo a gaba, kamar from . import lissafi. Sauyi na biyu ya zo da PEP 420 a Python 3.3 na 2012, inda aka yarda folda marar __init__.py ta zama ƙunshi. Sai dai irin wannan folda tana zuwa ne a baya, wato ba a karɓarta sai an gama bin sys.path duka ba a sami ƙunshi na ainihi ko fayil mai sunan ba.

Idan an samo fayil ɗin, Python yana rubuta sunansa a sys.modules tun kafin ya gudanar da lambobin da ke ciki. Wannan ƙa'ida ce ke hana fayiloli biyu masu jawo juna su yi ta zagaye ba iyaka, amma ita ce kuma ke sa na biyun ya tarar da na farkon bai gama loduwa ba, ya nemi abin da ba a kai ga ƙirƙira ba tukuna.

Idan kuwa an bi ko'ina ba a samu ba, sai a ga ModuleNotFoundError, sunan da aka fara amfani da shi a Python 3.6. Sau da yawa abin yana cikin kwamfutar, sai dai an sauke shi ne a site-packages na wani Python daban, musamman ga mai amfani da venv, wato keɓantaccen muhallin Python da ake ƙirƙira wa wani aiki, tunda kowane venv da nasa site-packages. Kafin a sake sauke komai, a buga sys.executable da sys.path a ga wane Python ne ke aiki da inda yake nema, sannan a yi amfani da python -m pip install domin abin ya sauka a wurin da za a same shi.