Ancoats

Ancoats unguwa ce a birnin Manchester na Ingila, a arewa maso gabashin tsakiyar gari. Sau da yawa ana kiranta unguwar masana'antu ta farko a duniya. Sunanta ya fara bayyana a rubuce wajen shekarar 1212, tana ƙaramin ƙauye.

Zamanin auduga

Hanyar ruwa ta Rochdale, wadda aka haƙa aka buɗe a 1804, ita ce ta ɗaga unguwar. Tun ana cikin haƙa ta, masu jari suka fara kafa masana'antun kaɗin auduga a bakinta, domin ta nan kwal da auduga za su shigo, zare kuma ya fita. Manyan cikinsu baƙi ne daga Scotland: 'yan'uwa biyu, Adam da George Murray, waɗanda suka gina masana'antarsu ta farko wajen 1798, sai kuma James McConnel da John Kennedy. Gine-ginen na jan bulo ne masu hawa da yawa, injin tururi ke juya na'urorinsu, kuma an san su da zare mai laushi. Akwai kuma maƙerai da masu yin gilashi.

Ma'aikata sun zauna a ƙananan gidaje masu jingine da juna baya da baya, wasu iyalan ma a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Kwalara ta yi ɓarna a 1832. Marubuci ɗan Jamus Friedrich Engels ya ambaci unguwar a littafinsa na 1845 kan halin da ma'aikatan Ingila ke ciki. A 1851 mazaunanta sun haura 50,000.

Baƙi

'Yan Ireland ne suka fara zuwa da yawa, musamman bayan yunwar da ta afka wa ƙasarsu a shekarun 1840. Daga wajen 1860 zuwa ƙarshen ƙarnin 'yan Italiya suka biyo baya, akasari daga ƙauyuka, har aka riƙa kiran wani sashe na unguwar Ƙaramar Italiya. Ba su cika shiga masana'antu ba. Sana'arsu kiɗa a titi da tallar askirim a amalanke, kuma wasu gidajen sun riƙe sana'ar askirim har jikoki. Sun kafa ƙungiyarsu ta Katolika a 1888, cocin St Michael ya zama matattararsu, daga nan ake fita jerin gwanon Madonna del Rosario, na girmama Maryamu uwar Yesu, duk shekara tun wajen 1890. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1940, hukuma ta tsare maza da yawa daga cikinsu, wasu suka mutu a jirgin ruwan Arandora Star da aka nutsar a watan Yuli na shekarar.

Koma baya

Kasuwar auduga ta fara mutuwa a shekarun 1930. A shekarun 1960 aka rushe tsofaffin gidaje, aka kwashe jama'a zuwa wasu unguwanni. Asibitin Ancoats ya rufe a 1989.

Farfaɗowa

A wannan shekara ta 1989 aka sa wani sashe na unguwar cikin wuraren tarihi da doka ta hana a rushe. Aikin ya ɗauki lokaci. An gyara masana'antun Murray da Royal Mill aka mai da su gidajen zama da ofisoshi. Cocin St Peter, ginin 1859, ya zama wurin atisayen ƙungiyar makaɗa ta Hallé tun 2013. Gidan abinci na Mana ya sami tauraron Michelin, lambar yabo da ake ba fitattun gidajen abinci, a 2019.

A 2014 majalisar birni da kamfanin Abu Dhabi United Group, wanda a lokacin shi ke da kulob ɗin Manchester City, suka kafa Manchester Life, wanda ya gina gidaje masu yawa a yankin. Masu suka sun ce an ba da filayen gwamnati da araha, kuma hayar ta fi ƙarfin tsofaffin mazauna. Majalisar ta kare yarjejeniyar.