Samarin Afganistan ba gudu suka yi suka bar iyali ba

Duk sanda aka nuna samarin Afganistan a bakin iyakar Turkiyya ko Girka, sai ka ji ana cewa ƙarti majiya ƙarfi sun tsere sun bar mata da tsofaffi cikin wuta. Maganar ta daɗe tana yawo, amma ba haka abin yake ba.

Galibi gida ne ke zaɓar wanda zai tafi. Uba da baffanni su zauna, a sayar da gona ko a ciwo bashi, a damƙa kuɗin ga mai hawala, wato dillalin da ke tura kuɗi ba ta banki ba, shi kuma ya riƙa sakar wa masu safarar mutane zango-zango. Hanyar da ta tashi daga lardin Nimruz na Afganistan ta ratsa Iran hamada ce da duwatsu, shi ya sa ake tura saurayi, wani lokacin ma yaro. A 2015 kaɗai, yaran Afganistan sama da 23,000 suka nemi mafaka a Suwidin babu iyaye tare da su.

In ya isa, waya ba ta barinsa ya huta: bashi, maganin uwa, kuɗin auren ƙane. Sai ya jingina da motar wani ya ɗauki hoto ya tura gida don a kwantar da hankali, alhali ko takardar zama bai samu ba. Wanda aka koro kuwa, bashin na nan yana jiransa, ga zunɗen 'yan unguwa, har da masu cewa Turai ta ɓata shi. Da yawa ba sa jimawa suke sake kama hanya.