Sayen talabijin a Maraɗi: wane suna ke ƙarko, wa kuma zai gyara in ya lalace?

Daga Babbar Kasuwa zuwa kantunan bakin titi, talabijin ya cika Maraɗi: na Koriya, na Sin, na Japan, da waɗanda babu mai iya faɗin inda aka ƙera su. Farashi kowa ya iya tambaya. Abin da ke biyo baya in an kai kaya gida shi ne ba a cika bincikawa ba.

Wane kamfani ne kayansa suka fi ƙarko?

Samsung da LG na Koriya ta Kudu, da Sony na Japan, su ne tsofaffin hannu. Tun 2006 Samsung ke kan gaba wajen yawan sayar da talabijin a duniya. Hisense da TCL na ƙasar Sin sun biyo su da farashi mai sauƙi, kuma ba ƙananan kamfanoni ba ne. Hisense tun 1969 yake aiki a birnin Qingdao.

Amma sunan da ke goshin akwati ba ya nuna wanda ya ƙera cikinsa. Dattijon da ya dage cewa shi dai Toshiba ko Sharp irin na da, ya sani cewa Hisense ya saye kashi 95 cikin ɗari na sashen talabijin na Toshiba a 2018, Sharp kuma ya koma hannun Foxconn na Taiwan tun 2016. Samsung ma ya daina ƙera allon LCD da kansa a 2022, sayowa yake daga wasu kamfanoni. A ganina, duk wanda ka ɗauka cikin waɗannan manyan, in dai na gaske ne, ba ka yi asara ba. Kafin ka biya, leƙa wurin masu gyara ka tambaye su wane iri ne ake samun kayan gyaransa a gari ko a Kano ba tare da jira ba. Amsarsu ta fi ta mai talla amfani.

Yaya ake gane na gaske da jabu?

Jabu ya fi yawa a kan sunan da aka fi so, shi ya sa Samsung da LG suka fi shan wannan wahala. Manna tambari a kwali da goshin akwati ba wuya. Abin da ke tona asiri shi ne manhajar ciki. Talabijin mai shiga intanet na Samsung da Tizen yake aiki, na LG kuma da webOS. In aka kunna maka "Samsung" ka ga Android irin ta tsohuwar waya, ajiye shi. Sannan lambar da ke jikin takardar da aka manna a baya ta zama ɗaya da ta kwali, ɗaya da wadda ke cikin saitin talabijin ɗin.

Je da tef ɗin awo. Daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna allo, ban da baki: inci 32 kusan santimita 81 ne, inci 43 kusan 109. Akwai kwalin da ke cewa 43 alhali abin da ke ciki bai kai ba.

Mai kanti ya ce "akwai garanti". Shike nan?

A'a. Garanti iri biyu ne, kuma ana haɗa su da gangan. Na kamfani rubutacce ne, galibi shekara ɗaya, wani lokaci biyu, kuma wakilin kamfanin ne ke cika shi. Na kanti kuwa alkawarin mai kanti ne, yana iya zama mako ɗaya, wata uku, ko "an gwada a gabanka". In ka ce, "Alhaji, in ya lalace fa?" ya ce, "Haba Malam, ai wannan ba ya lalacewa, in ya yi wani abu ka kawo," to ba a ba ka komai ba tukuna. Ka ce cikin ladabi, "Allah ya ƙara arziki, a sa mini a takarda."

Takardar nan ta ƙunshi sunan kanti da hatiminsa, ranar ciniki, samfurin talabijin da lambarsa, tsawon garantin, da abin da za a yi: gyara, musanya, ko mayar da kuɗi. Mutanenmu na jin nauyin neman rasit wurin wanda suka saba da shi, kamar an ce ba a yarda da shi ba. Amma ranar da ka dawo, mai yiwuwa yaron kanti za ka tarar, Alhaji yana Dubai ko Umara. Ka ɗauki hoton rasit ɗin da waya, domin tawadar wasu takardu na gogewa da zafi. Kwalin ma kada a ba yara su yi wasa da shi sai garanti ya ƙare.

Na sayo a Kano ko Katsina don ya fi araha. Garantin zai bi ni gida?

Yawanci garantin talabijin na ƙasar da aka sayar da shi ne. Wanda ya fito daga hannun wakili a Najeriya, kamar Fouani da ke rarraba LG da Hisense, can za a duba shi. Wato sai ka ɗauke shi ka bi ta Ɗan Isa da Jibiya, ka biya mota, ka yi bayani a duwan, ka kuma yi addu'ar kada allon ya tsage a hanya, don in ya tsage garantin ya tashi. Waɗanda suka saya kafin Agustan 2023 sun ga yadda rufe iyaka ke raba mutum da garantinsa wata da watanni. Na Dubai kuwa, ko wanda ya shigo cikin kwantena daga Sin, a ɗauka cewa alkawarin mai kanti kaɗai ke gare shi. In ragin da za ka samu a Kano bai fi kuɗin zuwa da dawowa sau biyu ba, saya a gida wurin wanda ka san ƙofarsa.

Me garanti ba ya ɗauka?

Fashewar allo, ruwa, tsawa, wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙona shi, da talabijin ɗin da wani mai gyara ya riga ya buɗe. In an ɓalle takardar lamba ta baya ma babu magana. Masu gidan kallon ƙwallo su karanta da kyau, domin sharuɗɗa da yawa na amfanin gida ne, ba na sana'a ba.

To me ya fi kashe talabijin a nan?

Abubuwan da garanti ya cire hannunsa daga kansu, su ne dai. Na farko wuta. Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna dogaro da layin da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa, ga injinan NIGELEC, kuma ɗaukewa da dawowa ba baƙon abu ba ne, balle a watannin zafi. Dawowar ce ke ɓarna, ba ɗaukewar ba. A sa regilata mai jinkirta sakin wuta, a kuma zare filogi da an ɗauke. Mai janareta ya bari inji ya daidaita kafin ya kunna kaya.

Na biyu zafi. Littafin yawancin kamfanoni ya ce kada a wuce digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma takan haura haka, balle ɗaki mai rufin kwano. Ƙananan fitilun LED da ke bayan allo su ke fara mutuwa. Rage hasken baya daga ƙarshe zuwa tsakiya yana ƙara musu kwana sosai, kuma a kanti a ƙure ake barinsa don ya ja ido. A bar tazara tsakaninsa da bango. Ƙyallen da uwargida ke rufawa saboda ƙurar hunturu yana da kyau, amma a yaye shi gaba ɗaya in an kunna.

Da damina kuma, tsawa ba ta wayar wuta kaɗai take shiga ba. Takan biyo wayar parabol ta shiga dikoda, ta wuce ta wayar HDMI da ke haɗa dikoda da talabijin ta ƙona babban katin ciki. In hadari ya taso, a zare duka biyun.

Ya lalace. Ina zan fara zuwa?

In garanti bai ƙare ba, kanti, da rasit da kwali, kuma kada kowa ya sa masa sukurdireba. In ya ƙare, sai mai gyara. Murya na fita babu hoto: haska tocila dab da allo, in ka hango hoto dishi-dishi, fitilun baya ne, ana canza su da kuɗi daidai gwargwado. Bai kawo wuta ko kaɗan ba: galibi katin da ke karɓar wuta a cikin talabijin ɗin ne, shi ma yana gyaruwa. Allo ya tsage ko ya yi zane-zane: allon shi ne mafi tsada a jikin talabijin, canza shi kan kusa kai kuɗin sabo. Ku yi ciniki kafin a fara aiki, kuma a ba ka abin da aka cire.

Na hannu fa, da masu aiki da sola?

Na hannu ba shi da garanti sai na gwaji. A bar shi a kunne rabin sa'a, a sa farin hoto, a duba tabo, duhu a gefe ko launin shuɗi, alamar fitilu sun tsufa. Ga mutanen karkara, wajen Tibiri, Madarunfa ko Gidan Runji, akwai ƙananan talabijin masu cin volt 12 kai-tsaye daga batir. Yawancinsu ba na manyan kamfanoni ba ne, don haka a saya wurin mai haɗa sola da zai iya zuwa ya duba in an kira shi, a kuma tabbatar an sa fis tsakanin batir da talabijin.