Aikin malaman jami'a a karatun digiri na biyu da na uku

Aikin malamin jami'a a karatun gaba da digirin farko ya ƙunshi koyar da kwasa-kwasai, da duba kundin binciken ɗalibi, da zama cikin kwamitin jarrabawa. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ce ke shimfiɗa ƙa'idojin da ba a sauka ƙasa da su, kowace jami'a kuma ta ɗora nata a kai.

Tarihi

A Kano da Jigawa, Jami'ar Bayero ce ta fi daɗewa a wannan fage. Daga Kwalejin Abdullahi Bayero ta taso, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Ta Wudil ta biyo baya wajen 2001, ta Tarayya da ke Dutse a 2011, sai ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa a 2013.

Koyarwa

Galibi zango biyu ake yi ana kwas kafin ɗalibi ya shiga bincike.

Duba kundi

Nan nauyin yake. Sashe ne ke naɗa wa ɗalibi mai duba kundi, kuma a digiri na uku sai mai digirin dakta, galibi daga babban lakcara zuwa farfesa. Shi zai taya ɗalibi taƙaita batu, ya karanta tsarin bincike kafin a kare shi gaban malaman sashe, sannan ya bi babi-babi da jan biro, yana lura da satar fasaha.

Jinkirin malami ya fi cutar ɗaliban aikin gona. Mai gwajin irin gero a gonar Ringim dole a amince da tsarinsa kafin saukar damina, wajen watan Yuni. In takarda ta kwana a teburin malami har shuka ta wuce, shekara ta tafi. Mai binciken tumatirin rani a Kadawa kuma da sanyin hunturu yake tsere. Shi ya sa malamin kirki ke tsara ganawa bisa kalandar noma, yakan kuma taka har gona ya ga yadda aka yanka fuloti, domin kuskuren awo ba ya gyaruwa bayan girbi.

Jarrabawa

Bayan ɗalibi ya kare kundinsa gaban malaman cikin gida, ana gayyato malami daga wata jami'a ya shiga cikin masu yi wa ɗalibin jarrabawar baka. Sai an tabbatar ɗalibi ya yi gyare-gyaren da aka ba shi kafin sakamako ya je majalisar dattawan jami'a.

Matsaloli

Ana saɓani kan yawan ɗaliban da ya dace malami ɗaya ya riƙe. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, na wata takwas, ya tsayar da kundaye da dama.