Addini a kundin tsarin mulki: tambayoyin da aka yi mini a majalisa

Bayan la'asar muke zama a gindin darbejiya, a ƙauyenmu da ke kusa da Gumel. Rediyo ta kawo labarin takaddamar Bangaladesh kan tsarin mulki, sai dattawa suka juyo kaina, tunda ni ne malamin makaranta.

Malam, me suke jayayya a kai?

Baba, ƙasa ce da Musulmi suka haura kashi 90 cikin 100. Kundinsu na 1972 ya raba addini da mulki. A 1977, zamanin Shugaba Ziaur Rahman, aka cire wannan. A 1988 Janar Ershad ya sa Musulunci ya zama addinin ƙasa. A 2011 kuma aka dawo da raba addini da mulkin, amma ba a goge Musuluncin ba, duka biyun suka zauna a kundi ɗaya. Bayan faɗuwar Firaminista Sheikh Hasina a 2024, kwamitin gyaran kundin ya ba da shawarar a sake cire raba addini da mulkin.

To raba addini da mulki ba kafirci ba ne?

Nan ne na fi damuwa, domin mutane na saurin yanke hukunci. Abin ba iri ɗaya ba ne ko'ina. A Turkiyya an cire Musulunci daga kundi a 1928, daga baya har aka hana mata ɗalibai shiga jami'a da lulluɓi. Wannan kam ban yarda da shi ba ko kaɗan. Amma ga Nijar nan, ƙetaren Maigatari: kundinsu na 2010, wanda sojoji suka dakatar a 2023, ya raba gwamnati da addini, kuma ku da kuke zuwa cin kasuwa kun ga masallatai cike, makarantun allo ba su fasa ba. Wasu abin da suke nema kawai kada gwamnati ta danne marasa rinjaye, kamar 'yan Hindu na Bangaladesh.

Mu fa a Najeriya?

Sashe na 10 na kundin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati. Kundin dai shi ya yarda jiha ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, mai duba aure, gado da wasiyya.

Ke nan rabon gonar marigayi ba zai taɓu ba?

Ba zai taɓu ba, Kawu. Gaban alƙali za ku je, ya raba yadda Allah ya ce.